Sallama Daga Nesa: Kano Zuwa Jazira

Kowace safiya, bayan ya dawo daga masallaci, kafin ya ɗora ruwan shayi, matashin yakan buɗe kwamfutarsa ya rubuta kalma ɗaya mai harufa huɗu, ping, ya biyo ta da lambobi rukuni huɗu da ɗigo a tsakaninsu, sannan ya danna. Ba ya duba takarda, domin lambobin sun zauna masa kamar lambar wayar mahaifiyarsa. Nan da nan layi huɗu sukan jeru a kan baƙin allo, kowane yana shaida cewa an amsa, cikin abin da bai wuce rubu'in daƙiƙa ba. Sai ya rufe, ya yi hamdala, ya shiga harkokinsa. Abokin ɗakinsa, wani Bazazzagi mai nazarin harshen Hausa, ya daɗe yana kallon wannan ɗabi'a kafin ya tambaya. Amsar da ya samu gajeriya ce: "Sallama nake yi a gida."

Gidan kuwa ba nan kusa yake ba. Ɗakin yana wata unguwar ɗalibai a Kano, inda matashin ya zo karatun digiri na biyu a fannin kwamfuta cikin 2022. Gida wani ƙauyen Hausawa ne a Jazira, wato ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu a Sudan, tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba a mota daga Wad Madani. A Kano ana ce masa Ɗan Sudan. A Sudan kuma ana ce wa danginsa Fallata, sunan da ake yi wa duk wanda asalinsa Afirka ta Yamma ne, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare. Hausarsa tsaf take, sai dai Larabci ya ratsa ta. Inda ɗan Kano zai ce babu sabis, shi sai ya ce babu shabaka, kalmar da a asalinta take nufin raga. Irin wannan cuɗanya ce Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya yi wa littafi sukutum a 1999.

Yadda Hausawa suka je can labarin hanyar hajji ne. Kafin zuwan jirgin sama, mai niyyar Makka daga ƙasar Hausa gabas yake dosa a ƙasa. Zai bi ta Borno, ya ratsa Wadai, ya shiga Darfur da Kordofan, ya ƙetare Nilu, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, domin a kan hanya ake neman guzurin hanya. A 1903, da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa. Ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka rage har Sudan, inda aka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai ayarin maniyyata suka riƙa yada zango domin su tsinci auduga su tara kuɗin jirgi. Wasu sun tara sun wuce. Wasu da yawa zangon ya zame musu gari.

Kakar matashin ta wajen uwa a irin wannan zango aka haife ta. Mahaifinta ya taso daga ƙasar Katsina, bai ga Makka ba, bai kuma koma gida ba. Ita ma ta haura shekara tamanin ba ta ga ko ɗaya daga cikin biyun ba, amma idan baƙo ya tambaye ta ko ita 'yar garin ce, sai ta ce a'a, su a kan hanya suke. Ba ita kaɗai ke faɗin haka ba. C. Bawa Yamba, wanda ya zauna da irin waɗannan mutane ya kuma wallafa littafi a kansu a 1995, ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa-kunne suna ɗaukar kansu matafiyan da ba su ƙarasa ba. Sunan mijinta aka sa wa matashin, saboda haka mahaifiyarsa take kiransa Babana, Kaka kuma take kiransa maigidana, tana yi masa tsiyar cewa ya tafi yawon duniya bai bar mata kuɗin cefane ba.

Lambobin da yake rubutawa kowace safiya adireshin wata na'ura ce da ke ƙaramin asibitin sha-ka-tafi na garin kasuwa da ke maƙwabtaka da ƙauyensu. Kawunsa ne malamin asibitin. Lokacin da matashin yake ɗalibi a Jami'ar Jazira, shi ya haɗa musu na'urar da faifan sola a kan rufi, domin su riƙa aika bayanan marasa lafiya zuwa Wad Madani. An ba ta adireshi tsayayye wanda ba ya canzawa, shi kuma da hannunsa ya saita ta yadda za ta amsa wa duk wanda ya yi mata ping. Don haka idan amsa ta dawo Kano, yakan karanto abubuwa uku a cikinta: sola tana nan a kan rufi, ƙarfen sabis na garin yana tsaye, kuma hanyar da ta haɗa wurin da sauran duniya ba ta yanke ba. Kiran waya yana da tsada, kuma ba kullum Inna take kusa da waya ba. Wannan sallama kuwa kyauta ce, ba ta tashin kowa daga barci.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ping yake. Ƙaramar manhaja ce da ake gwada ko ana iya kaiwa ga wata kwamfuta mai nisa. Wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ne ya rubuta ta a watan Disamba na 1983, a wata cibiyar bincike ta soja da ke Aberdeen a jihar Maryland, yayin da yake neman gano inda matsala take a hanyar sadarwar wurin aikinsa. Ya samo sunan daga ƙarar da jirgin ƙarƙashin teku yake fitarwa, ya saurari dawowarta domin ya san ko akwai wani abu a gabansa. Manhajar tana aiki ne da wata ƙa'ida mai suna ICMP, wadda Jon Postel ya tsara a 1981. Kwamfutar mai tambaya tana aika ɗan ƙunshin bayani, ita kuma wadda aka tambaya wajibinta ta mayar da abin da aka aiko mata daidai yadda ya zo. A kwamfuta mai Windows, ƙunshin harufa 32 ne kacal, daga a zuwa w, sannan a sake daga a zuwa i. Ana aikawa sau huɗu, kuma kowane karo ana jiran daƙiƙa huɗu. Muuss ya rasu a haɗarin mota a 2000, amma manhajar tasa tana cikin kusan kowace kwamfuta da ke duniya a yau.

Da aka yi wa Bazazzagin wannan bayani, sai ya ce ai Hausa ta riga ta yi wa abin suna. Idan mutum ya yi ihu a gindin dutse muryarsa ta dawo masa, amsa-kuwwa ke nan, kalmar da aka gina da aikatau da suna kamar yadda aka gina ɓata-gari da dafa-duka. Daga tushen nan ne aka samu amsa-amo a nazarin waƙa, aka samu amshi da 'yan amshi. Ya ce wa matashin, "Mutumina, wannan na'ura taka 'yar amshin Shata ce. Abin da ka faɗa mata shi take mayar maka, ba ragi ba ƙari." Suka yi dariya. Amma matashin ya fi son kalmar sallama, domin a cewarsa dutse ba ya rasa amsawa, ƙofar gida kuwa tana iya yin shiru. Ya kuma nuna cewa sakamakon ping kala uku ne, kamar na mai sallama. Ko a amsa daga ciki, ko a yi shiru har wa'adi ya cika, ko kuma wata na'ura da ke kan hanya ta aiko cewa ba a iya kaiwa wurin, kamar maƙwabcin da ya leƙo ta katanga ya ce hanyar ba ta biyuwa.

Ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Watanni takwas Jazira tana zaman mafaka, Wad Madani ta cika maƙil da mutanen da suka gudo daga babban birnin. A mako na uku na Disamba sai ita ma ta faɗa hannun dakarun, yaƙin ya bazu cikin ƙauyuka. Daga ranar nan sallamar safe ta daina zama ɗabi'a kawai. Matashin ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta kwanan wata da sakamako: an aika huɗu, an amsa huɗu. Wata rana a amsa uku, wata rana biyu, amma ana amsawa. Duk bayan kwana uku ko huɗu kuma saƙon murya yakan shigo ta WhatsApp daga wayar ƙanwarsa, muryar Inna tana cewa, "Babana, muna nan lafiya lau. Ka yi karatunka." Watan Janairu na 2024 gaba ɗayansa haka ya wuce. Ya zauna jarrabawa da natsuwa, ya riƙa tura musu abin da ya samu ta Bankak, manhajar bankin da mutanen Sudan suka dogara da ita tun da takardun kuɗi suka yi wuya.

A makon farko na Fabrairu sai aka yi shiru. Layi huɗu suka jeru kamar kullum, amma kowane yana cewa wa'adi ya cika ba a amsa ba. Ya bi matakan da aka koya masa ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da 127.0.0.1, adireshin da kowace kwamfuta take kiran kanta da shi, domin ya tabbata ba kunnensa ne ya toshe ba. Aka amsa. Ya gwada na'urar gidan da yake haya, aka amsa. Ya gwada 8.8.8.8, adireshin Google da ake auna nesa da shi, aka amsa. Ya koma kan lambobin asibiti, shiru. Kafin azahar labari ya fito cewa ba garinsu kaɗai ba ne. Cikin 'yan kwanaki kamfanonin sadarwa uku na ƙasar, Sudani da MTN da Zain, duk sun ɗauke, ɓangarorin yaƙin suna jifan juna da zargi. Miliyoyin mutane suka wayi gari ba kira, ba saƙo, ba kuɗin da ɗan'uwa zai turo daga waje.

Wannan ba shi ne karon farko da Sudan ta yi irin wannan shiru ba. An katse intanet fiye da wata guda daga farkon Yunin 2019, aka sake katsewa fiye da mako uku bayan juyin mulkin Oktoban 2021. A lokutan biyu matashin yana can, a cikin shirun. Yana iya tuna cewa a kwanakin da duniya ba ta jin ɗuriyarsu, su suna shan shayi a bakin kwata, Kaka tana kaɗa miya, yara suna tsere a gefen magudanar ruwan gona. Ya san da idonsa cewa bayan shiru akwai rayuwa. Sai dai sani daban, zuciya daban. Yanzu da ya koma wajen ƙofa, kowane layi da ya fito babu amsa sai ya zana masa gawa. Sallamar safe ta zama ta kowace sa'a, ta kai har ya bar kwamfutar tana aikawa dare da rana, yana tashi cikin dare ya duba.

Akwai wata manhaja 'yar'uwar ping, wadda Van Jacobson ya rubuta a 1987, mai nuna zangunan da saƙo yake bi. Kowane saƙo a intanet yana fita ne da wani adadi, galibi 64 ko 128, kuma kowace na'urar mahaɗa da ya ratsa tana rage ɗaya. Idan adadin ya ƙare bai isa ba, na'urar da ya ƙare a hannunta takan yar da shi, ta aiko da labarin inda ya tsaya. An yi haka ne domin kada saƙon da ya ɓace ya yi ta yawo har abada. Matashin ya bi sawun saƙonsa. Daga Kano ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya ɓulla Turai, daga nan sai taurari suka jeru a allo, alamar babu mai amsawa. A da yakan ci gaba ya shigo Sudan ta bakin Bahar Maliya, inda wayoyin teku suke sauka a Port Sudan, kusa da gaɓar da mahaifin Kaka ya yi ta burin kaiwa. Ya tuna yadda takan ce mahaifinta bai ɓata ba, guzurinsa ne ya ƙare a Jazira. Bambancin kawai shi ne, babu wanda ya aika wa mutanen Katsina labarin inda ya tsaya.

A mako na uku ya rame har limamin masallacin unguwa ya lura. Dattijo ne mai karantar da littattafan fiƙihu a zaure bayan magariba. Ya tsayar da shi ya ce, "Ɗana, me ke cin ka?" Matashin ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, gida ne ba a amsawa." Ya kwashe bayani ya yi masa, har da batun daƙiƙa huɗu. Malam ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya tambaye shi ko na'urar ta taɓa ce masa wani ya mutu. Ya ce a'a, abin da take cewa kawai shi ne wa'adi ya cika. Malam ya ce, "To ta fi ka ladabin magana. Ta faɗi abin da ta sani, ta tsaya. Kai ne kake ƙarasa mata."

Daga nan ya ba shi labarin wani baffansa da ya tafi hajji a ƙasa tun shi Malam bai yi wayo ba, aka shekara da shekaru ba wasiƙa ba saƙo. Ya ce irin wannan ya yi yawa a ƙasar Hausa har ya zama sananniyar mas'ala a gaban alƙalai. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ake karantawa a Risala, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara, a bincika, idan ba a sami labari ba a sanya mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Amma dukiyarsa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Malam ya ce, "Ka ga shari'a ba ta ce ta ga kabarinsa ba. Ta dai sanya wa jira iyaka ne domin masu rai su rayu. Hatta mai sallama a ƙofa, sau uku aka ce ya yi, in ba a amsa ba ya koma. Ba a ce ya fasa kuka a ƙofar mutane ba." Baffan nasa kuwa, bayan an fid da rai, wani alhaji ya dawo da labarin ya gan shi a wani gari a bakin Nilu, da mata da 'ya'ya.

Matashin ya koma ɗaki ya zauna ya lissafa wa kansa dalilan da za su sa na'ura ta yi shiru, kamar yadda zai lissafa wa ɗalibi a aji. Wuta tana iya ɗaukewa. Ƙarfen sabis yana iya rasa mai. Ana iya kashe babbar cibiya a birni mai nisan ɗaruruwan kilomita. Saƙo yana iya isa lafiya, amsar ce ta ɓata a hanyar dawowa. Katangar tsaro tana iya hana amsawa da gangan, kamar maigidan da yake ciki amma ya ce a ce ba ya nan. Bahaushe ya ce shiru ma magana ce, kuma gaskiya ne, amma karin maganar bai ce kowa ya san abin da shirun yake faɗi ba. Daga ranar ya mayar da sallamar sau ɗaya a yini. Sabis ya fara dawowa a gabashin Sudan da arewacinta, Jazira kuwa ta ci gaba da zama cikin duhu wata da watanni. Shafukan ɗan littafinsa suka cika da sifili.

Saƙon ya zo a mako na biyu na azumi, bayan kwana arba'in da 'yan kai, daga lambar da bai sani ba. Ƙanwarsa ce ta biya kuɗin sa'a ɗaya a wurin wani mai na'urar Starlink a wata kasuwa da ke kan hanya, irin na'urar da take haɗa waya da tauraron ɗan'adam kai tsaye. Muryar Inna ce. "Babana, kana ji na? Mun fito. Muna hanyar Gadarif wurin Gwaggonka. Ni da ƙannenka da Kawunka duk lafiya lau." Ta ɗan tsaya, ana jin hayaniyar kasuwa a bayanta. "Sai dai haƙuri. Kaka ta riga mu gidan gaskiya tun farkon Rajab. Maganin sukarinta ne ya ƙare, hanyar Madani kuma ba ta biyuwa. Kawunka ya ce kada a faɗa maka kana jarrabawa, tun da ba zuwa za ka iya yi ba. Ta ce a gaya wa maigidanta ta yafe kuɗin cefanen."

Ya saurara sau uku. Sannan ya ɗauko ɗan littafin ya buɗe tsakiyar Janairu, wanda ya yi daidai da farkon Rajab. Ranar da ta rasu, an aika huɗu, an amsa huɗu. Ranar da ta biyo baya ma haka. A ɗakin da na'urar take, a kan benci, a nan Kawu ya kwantar da mahaifiyarsa yana duba kwalaye babu magani, fitilar na'urar tana ƙyaftawa a saman kansu tana amsa wa Kano sallama. Kwanakin da ya yi ta hamdala su ne kwanakin makoki. Kwanaki arba'in da ya hana idonsa barci kuwa, a cikinsu mutanensa suna raye, suna harhaɗa kaya, suna neman motar da za ta fitar da su.

Bai ga laifin na'urar ba, bai kuma ga laifin Inna ba, domin su biyun al'ada ɗaya suka bi. Ɗalibin Hausa ya san cewa gaisuwa hawa-hawa ce. Sallama tana tambayar ko akwai mutum. Gaisuwa tana biyo baya, kuma amsarta a shirye take tun kafin a yi tambaya: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ina labari, sai alheri. Majinyacin da ke kwance ma da sauƙi yake cewa. Ba ƙarya ba ce, shimfiɗa ce da ake yi kafin a zauna. Ainihin labari yana zuwa ne a hawa na uku, bayan an zauna an sha ruwa, kuma sau da yawa kalmomi biyu ne suke buɗe masa ƙofa: sai dai. Ping a hawan farko ya tsaya. Masu aikin sadarwa sun san da haka, shi ya sa ba sa cewa uwar garke tana aiki don kawai ta amsa ping, sai sun gwada aikin da aka ajiye ta dominsa. Matashin ya san wannan ƙa'ida, ya ci jarrabawa a kanta, amma bai taɓa tunanin ta shafi gidansu ba.

An yi wa Kaka addu'a a masallacin unguwa bayan sallar asham. Bazazzagin ya sayo dabino da ƙosai aka raba sadaka, maƙwabtan da ba su taɓa ganin Nilu ba suka zo suka yi wa Ɗan Sudan ta'aziyya. Malam ya yi doguwar addu'a, ya roƙa mata ladan niyyar da mahaifinta ya fito da ita daga Katsina. Aka shafa. Wani tsoho ya tambayi sunan garin da mahaifin nata ya taso, da aka faɗa masa sai ya ce ya san garin, akwai kasuwa ranar Laraba. A ƙasar da ba ta taɓa takawa ba aka yi mata zaman makoki na biyu.

Sojoji sun sake karɓar Wad Madani ranar 11 ga Janairu 2025, sabis ya fara komawa Jazira sannu a hankali. Wata safiya, bayan watanni, matashin ya rubuta tsofaffin lambobin don sabo kawai, sai ga amsa huɗu reras. Gabansa ya faɗi. Ya kira Kawu a Gadarif, Kawu ya ce ai tun bara wasu masu bindiga suka kwashe faifan sola da na'urar, ɗakin ma ko ƙofa babu. Kamfani ne ya ba wani mabuƙaci adireshin, kamar yadda ake ba sabon ɗan haya tsohon ɗaki. Wani baƙo ne, a wani wuri da bai sani ba, yake amsa masa sallama. Ya rubuta sakamakon a shafin ƙarshe, ya rufe littafin ya ajiye a ƙasan akwati.

Har yanzu yana amfani da ping kowace rana a wurin aiki, yana kuma koya wa ɗalibai matakansa: a fara da kai, sai gida, sai gari, sai nesa. Gida kuwa ranar Juma'a yake kira, bayan an sauko daga masallaci. Inna takan ɗauka, su yi sallama, su gaisa. Ya tambayi ƙannensa ta ce lafiya lau, ya tambayi Kawu ta ce lafiya lau, ya tambayi ƙafarta da take ciwo ta ce da sauƙi. A da a nan yake cewa madalla, ya yi sallama ya kashe saboda kuɗin kati. Yanzu yakan gyara zama ya ce, "To Inna, sai dai me?" Sannan ya yi shiru ya jira ta, ko da katin zai ƙare.